Yadda Ake Gano Dogon Zagayen Haske a Tagwayen Taurari Masu Fitar da Eksire

A irin waɗannan tagwaye, wato taurari biyu da ke kewaya juna, tauraron niyutiron ko baƙin rami (dukansu dunƙulallen ragowar tauraron da ya mutu ne) yana zuƙar iskar gas daga abokinsa, gas ɗin ya taru kamar faifai yana juyawa, ya yi zafi har ya fitar da hasken eksire (X-ray). Wanda yake son gano dogon zagayen wannan haske, wato wanda ya fi tsawon kewayen taurarin biyu, sai ya fara da tattara bayanan shekaru masu yawa, domin iskar da ta lulluɓe duniya tana tare eksire, kuma taurarin ɗan Adam ne kaɗai suke iya bibiyarsa na tsawon lokaci. Bayanan tauraron ɗan Adam RXTE daga 1996 zuwa 2011, da na tauraron ɗan Adam Swift, da na na'urar MAXI da ke tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tun 2009, duk a buɗe suke.

Daga nan a haɗa ma'aunan kowace rana wuri guda, a cire lokutan da babban tauraro yake rufe ƙaramin, sannan a yi amfani da hanyar Lomb-Scargle, wato lissafin da ke zaƙulo zagayen da ke maimaituwa, wadda ta dace da bayanai masu giɓi. Ya kamata a fara gwaji da Hercules X-1, ɗaya daga cikin irin waɗannan tagwaye, domin amsarsa sananniya ce: yana kewaye cikin kwana 1.7, amma haskensa yana maimaituwa duk kwana 35. Idan aka naɗe bayanan a kan kwana 35, za a ga haske mai ƙarfi na kimanin kwana 10, sai duhu, sai ɗan haske mai rauni, sai duhu kuma. Dalili shi ne faifan a karkace yake, yana juya fuskarsa sannu a hankali, wani lokaci gefensa ya shiga tsakaninmu da tauraron.

A nan ne nake ganin an fi bukatar haƙuri. Kada a amince da tsini guda a jadawalin Lomb-Scargle, wato alamar da ke nuna akwai zagaye. A raba bayanan gida-gida, a duba ko zagayen yana nan a kowane kashi. A cikin sauran tagwaye irin waɗannan, LMC X-4 yana riƙe da kusan kwana 30, amma na SMC X-1 yana yawo tsakanin kwana 40 da 60, kuma wanda ya dunƙule shekarunsa gaba ɗaya zai ga hoto mai hazo. Haka kuma a lura da zagayen shekara guda, wanda sau da yawa rana ce take haddasa shi idan ta hana na'urar kallon wurin.