Sauya Jirgin Ƙasa da Tsallake Iyaka a Turai: Yadda Ake Tsara Tafiya

Kafin ka sayi tikiti, buɗe taswira ka bi layin dogo, ka rubuta duk ƙasar da za ka ratsa, ko da ba za ka sauka a cikinta ba. Ƙasashe 29 ne a yankin Schengen, biza ɗaya ta wadatar a tsakaninsu. Amma Birtaniya da Sabiya da Turkiyya ba sa ciki. Mai bizar shiga sau ɗaya da ya bar Hungary ya bi ta Sabiya zuwa Bulgeriya ya cinye bizarsa tun a iyakar farko, a ta biyu kuma sai a mayar da shi. Fasfo ma a duba shi: kada ya haura shekara 10 da bayarwa, kuma ya zamana da sauran wata 3 bayan ranar da za ka fita.

Ba duk iyaka ake bincike iri ɗaya ba, kuma wannan ne zai gaya maka yawan lokacin da za ka ware. A Eurostar, jirgin da ke haɗa Landan da Paris, a tashar St Pancras ta Landan 'yan sandan Faransa ke duba fasfonka, tun ba ka hau jirgi ba. Ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi, to ka isa da awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a hannu. Tun 12 ga Oktoba 2025 aka fara tsarin EES na rajistar baƙi a iyakokin Schengen, mai ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, kuma rajistar farko tana cin lokaci. Jirgin dare na Sofiya zuwa Istanbul kuwa, a Kapıkule, tashar iyakar Turkiyya, ake sauke fasinja da tsakar dare su yi layi a buga musu hatimi, saboda haka fasfo da rigar sanyi su kwana kusa da kai, ba a ƙasan akwati ba. Cikin Schengen ma kada ka saki jiki. Tun Satumban 2024 Jamus ke bincike a duk iyakokinta na ƙasa, jami'ai kan hau jirgi, wani lokaci a tsaya ana jiransu.

Sai batun sauyi. Manhaja za ta nuna maka minti 8 tsakanin jirgi da jirgi kamar ba komai. Cikin ƙasa ɗaya, inda wani jirgin ke tafe bayan rabin awa, babu laifi. Amma idan na gaba jirgin dare ne, ko na ƙarshe a ranar, ko tikitinsa na wannan jirgin kaɗai ne, ware awa biyu. Zaman tasha ya fi kwanan tasha. A Paris tashar ma sauyawa ake yi: Eurostar na sauka a Gare du Nord, jiragen Suwizalan da Italiya na tashi daga Gare de Lyon, zango biyu tsakaninsu a layin jirgin cikin gari na RER D. Tafiyar gajeriya ce, amma ga sayen tikiti, ga matakala, ga kaya, kada ka ba ta ƙasa da awa ɗaya. Lokacin da ke jadawali kuma na garin da tashar take ne. Agogon Paris na gaba da na Landan da awa ɗaya.

Abin da ya fi ba da kariya shi ne tikiti guda mai haɗe dukkan zangon. Da shi, dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782 ta tilasta wa kamfani ya sa ka a jirgi na gaba kyauta idan lattinsa ya sa ka rasa naka, ya kuma biya kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti a lattin minti 60, kashi 50 a minti 120. Tikitoci daban-daban ba su da wannan tabbaci. Akwai yarjejeniyar ci gaba da tafiya (AJC) tsakanin kamfanonin jiragen ƙasa irin su SNCF na Faransa da DB na Jamus da ÖBB na Ostiriya da SBB na Suwizalan, wadda ke barin ka hau na gaba, amma sai da shaida: nemi mai duba tikiti ya rubuta maka lattin tun kana cikin jirgi.

Kwastan daban yake da shige da fice. Suwizalan na Schengen, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, don haka ana iya buɗe jakarka a tashoshin iyaka irin su Basel ko Chiasso. Tsabar kuɗi Yuro 10,000 zuwa sama sai an bayyana su wajen shiga ko fita Tarayyar Turai, kuma an hana shigo da nama da madara daga Birtaniya, ko da cikin guzuri ne.