Yadda Ake Haɗa Amfilifayar Gitar Bes da Akwatin Lasifika

Kafin ka sayi akwatin lasifika, ka duba bayan amfilifayarka, domin a nan ake rubuta mafi ƙarancin om ɗin da take ɗauka (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wutar lantarki), wanda galibi 4 ne. Akwatuna biyu masu om 8, idan aka jona su a ramukan bayanta, suna komawa 4, kuma wannan ba laifi; amma biyu masu om 4 suna saukowa zuwa 2, sai na'urar ta ɗauki zafi ta ɗauke, wani lokaci ma ta ƙone.

Amfilifaya mai kwalabe a ciki (wato ƙananan bututun gilashi masu ƙara ƙarfin sauti), irin Ampeg SVT da ta fito a 1969, kada ka kuskura ka kunna ta babu lasifika, don taransifomarta na iya lalacewa. Wayar gita kuma siririya ce, ba ta maye gurbin wayar lasifika, ko da bakunansu iri ɗaya ne.

Idan kana jin gurnani, ka zare wayar gitar. In ya tsaya, to laifin yana ga wayar ko gitar. Kayan gwanjo daga Amurka kuwa a duba su sosai, saboda wutarsu bolt 120 ce, ta Najeriya 230.