Yadda za ka kyautata wa mai naƙasa a wurin kallo

Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ko ranar da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, cikin taron nan akwai makafi da kurame da masu keken guragu. Kallo ne ya kawo su kamar kowa. Don haka kada ka zura hannu aljihu ka miƙa wa mutum sadaka don ka ga sanda a hannunsa. Wanda ya sayi tikiti da kuɗinsa, wannan cin fuska ne a wurinsa.

Kafin ka taimaka, ka tambaya. Yi sallama, ka ce, "Malam, in kama maka?" ko "Baba, ina kake son zama?" In ya ce a'a, ka ƙyale shi. Kuma da shi za ka yi magana kai tsaye. Kada ka juya ga ɗan jagoransa kana cewa "me yake so?" alhali ga shi nan yana jin ka.

Mai keke ya fi kowa shan wahala a cunkoso. Idanunsa ba su wuce kimanin mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, mutum ɗaya ya tsaya a gabansa ya rufe masa komai. Kuma daidai lokacin da aka jefa ƙwallo a raga, ko lemar sarki ta ɓullo, shi ne lokacin da kowa ke miƙewa. A ba shi sahun gaba, wanda ke gabansa kuma ya durƙusa ko ya goce. A bar masa hanya mai faɗin aƙalla santimita 90, kada a toshe gangaren shiga da babur ko tiren talla. Kada ka jingina da kekensa, kada ka rataya jaka a kai.

In ya yarda ka tura shi, kula da rairayi. Ƙananan tayoyin gaba kan nutse, keken ya tsaya cak, mutum ya kife ta gaba. Taka ɗan ƙarfen da ke ƙasan keken ta baya, ka danna mariƙa har gaban ya ɗan ɗagu, ka tafi a kan manyan tayoyi. Sauka daga dakali da baya ake yi, a hankali. In sai an ɗaga keken, mutum biyu su kama ƙarfen jikinsa, ban da wurin ɗora hannu ko ƙafa, domin a kekuna da yawa waɗannan cirewa suke yi. Kun tsaya, a sa birki.

Makaho kuwa, kada ka ja shi ta sanda ko ta riga, da sandar yake gane abin da ke gabansa. Faɗi ko kai wane ne, ka ba shi hannunka ya riƙe sama da gwiwar hannu, kai kana rabin taki a gaba. Kun zo matakala, ka tsaya ka ce hawa ce ko sauka. Wurin zama, ɗora hannunsa a kan kujerar, shi zai zaunar da kansa. "Can" da "nan" ba su da amfani a wurinsa, ka ce dama, hagu, taki uku. Kakaki da kuwwar jama'a yana jin su sarai, abin da yake so daga gare ka shi ne tawagar wane hakimi ce ke wucewa, ko wa ya buga ƙwallon. In za ka tashi ka gaya masa, kada ka bar shi yana magana shi kaɗai.

Haɗarin kurma daga baya yake zuwa. Ba ya jin sukuwar doki, ba ya jin "a ba da hanya", ba ya jin sanarwar lasifika. Taɓa kafaɗarsa ka nuna masa. Ɗaga murya ba ya ƙara komai. Fuskance shi, kada ka rufe baki, ko ka rubuta masa a waya.

A bakin ƙofa, ba masu naƙasa hanya su fara shiga. Wannan ba alfarma ba ce: dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara da su a layi. Zabiya kuma a bar masa inuwa, rana na ƙona masa fata, haskenta na damun idonsa.

In farfaɗiya ta kama wani, a ja baya a ba shi iska, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa mayafi a ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, kuma ba a ɗaukar ciwon ta hanyar yawu. Fizgar ta lafa, a kwantar da shi a gefensa ɗaya. In ta wuce minti biyar, a kai shi asibiti nan take.