Yadda Sabon Shiga Zai Koyi Gano Hanya da Taswira da Kamfas

Yawancin masu fara koyon wannan fanni kan yi gaggawar sayen kamfas, a zatonsu shi ne zai fitar da su daga kowane daji. A ganina taswira ce ya kamata a fara ƙwarewa a kanta, domin kamfas arewa kawai yake nunawa, ita kuwa taswira takan gaya maka inda kake da abin da ke jiranka a gaba.

Ka fara da duba ma'aunin da aka rubuta a gefenta. Idan ka ga 1:25,000, to kowace santimita ɗaya a kan takarda tana daidai da mita 250 a ƙasa, wato santimita 4 su ne kilomita ɗaya. Masu wasan neman hanya da taswira, wanda ya samo asali daga horon soja a Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19 kuma ya sami ƙungiyarsa ta duniya a 1961, sun fi amfani da 1:10,000 ko 1:15,000. A irin taswirarsu launin fari na nufin dajin da ake iya ratsawa da gudu, rawaya fili ne buɗaɗɗe, kore kuma sarƙaƙiya ce, shi ya sa wajibi ne ka karanta bayanin alamomi kafin ka ɗaga ƙafa.

Abin da ya fi wahalar da sabon shiga, kuma ya fi komai amfani, shi ne layukan nan masu launin ƙasa da ke nuna tudu da kwari. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka matsu da juna gangaren yana da tsanani, inda suka ware ƙasa ta kwanta, inda kuma suka yi ƙaramin zobe to ƙololuwar tudu ce. Idan suka lanƙwasa suka yi tsini a kan rafi, tsinin yana fuskantar inda ruwan ya fito. Hanya takan sauya, ana sare itatuwa, ana rushe gini, amma da wuya tudu ya gusa daga mazauninsa. Saboda haka ka nemi tudun da ka sani, ka hau ka zauna da taswira a cinyarka, ka riƙa haɗa kowane lanƙwasa da abin da idonka ke gani, ko da hakan zai cinye maka yini guda.

Bayan haka ka saba da daidaita taswira, wato ka juya ta har arewarta ta dace da inda jan bakin allurar kamfas ya nuna, ta yadda abin da ke damarka a ƙasa zai kasance a dama a takarda. Ka naɗe ta, ka ɗora babban yatsa a kan wurin da kake tsaye, ka riƙa matsar da shi duk lokacin da ka wuce wata alama. Idan ka juya, jikinka ne zai zagaya taswirar, ita ta ci gaba da fuskantar arewa.

Domin ɗaukar saiti, wato gano fuskar da za ka dosa, ka shimfiɗa gefen kamfas a kan taswira daga inda kake zuwa inda ka nufa, ka murza zoben da ke juyawa a jikin kamfas ɗin har layukan cikinsa su yi daidai da layukan arewa na taswira, sannan ka riƙe shi a kwance a gaban cikinka ka juya har allura ta shiga cikin kibiyar zoben. Kada ka yi tafiya kai a sunkuye kana kallon allura. Ka zaɓi wata itaciya ko dutse a kan saitin, ka isa can, ka sake zaɓar wani. Ka nisanta kamfas daga waya da wuƙa da duk wani ƙarfe. Ka kuma sani cewa allura arewar maganaɗisu take nunawa, wadda ta ɗan saɓa da arewa ta ainihi, bambancin kuma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri da shekara zuwa shekara. Kuskuren digiri ɗaya kacal yana kauce da mutum kusan mita 17 a kowace kilomita.

Nisa kuwa da taku ake auna shi. Ka auna mita 100 a fili, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taɓa ƙasa, ka maimaita a hawa da gangare da cikin ciyawa, ka rubuta lissafin.

Akwai wata dabara da nake matuƙar ƙauna, ita ce kaucewa da gangan. A ce gada kake nema a kan wani kogi. Idan ka saita ta kai tsaye ka isa bakin ruwa ba ka gan ta ba, ba za ka san ko dama za ka bi ko hagu ba. Amma idan tun farko ka karkata kaɗan zuwa hagu, da isarka kogin ka san dama za ka juya. Haka nan ka riƙa bin dogayen alamomi kamar ƙorama ko shinge, ka kuma ƙayyade wata alama a bayan wurin da ka nufa wadda ganinta zai sanar da kai cewa ka zarce.

Ka fara atisaye a ƙaramin wuri mai iyaka, da rana, tare da aboki, bayan ka sanar da wani inda za ku da lokacin dawowarku. Ranar da ƙasa ta ƙi dacewa da taswira, ka tsaya nan take, kada ka tilasta wa idonka ganin abin da babu. Ka sake daidaita taswirar, ka tuna alama ta ƙarshe da ka tabbatar da ita, in ya gagara ka bi sawunka ka koma gare ta.