Idan macro ɗinka (lambobin umarni da ke yin aiki da kansu) na Excel ya ƙi aiki bayan sabunta Office

Fara yin kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe tukuna, kar a yi biyu babu.

In ta imel ya zo, danna masa maɓallin dama na mouse, Properties, sa alama a Unblock, tun 2022 Microsoft ke toshe irinsu.

Bai tashi ba? Buɗe shi ka danna Alt da F11 don buɗe wurin rubuta macro, Tools sai References, duk mai MISSING cire masa alama.

In kuma layin da ke da kalmar Declare a cikin macro ɗin ya yi ja to Office ɗinka ya koma 64-bit ne, ƙara PtrSafe bayan Declare, Long ɗin da ke riƙe da adireshin memori ka maida shi LongPtr, amma fa ba kowane Long ba.

Sai Debug, Compile, ka adana a xlsm don xlsx zubar da macro yake yi.