Darasi na Takwas: Wutar Sola da Ta Yi Rara a Gida

Farantin sola yana karɓar hasken rana ya mai da shi wuta. Wutar tana shiga inbata, inbata ta gyara ta yadda fanka, firji da ƙwan fitila za su iya amfani da ita. Abin da ya saura batir yake ajiye shi don dare.

Bari mu yi lissafi. Yunit ɗaya, irin wanda muke saya a mita, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Faranti mai wat 400, idan ya sami rana mai ƙarfi ta awa 5, zai ba da yunit 2. Faranti 6 kuwa yunit 12 ke nan a rana. Zafi da ƙura suna rage wannan adadi, musamman lokacin hunturu, saboda haka a riƙa goge faranti da safe kafin ya ɗau zafi.

To, idan batir ya cika da azahar, rana kuma tana nan tana dukan faranti fa? A yawancin gidajenmu wannan wutar asararta ake yi. A wasu ƙasashe sayar da ita suke yi. Jamus ta kafa doka a shekarar 2000 wadda ta wajabta wa kamfanonin wuta karɓar irin wannan wuta su biya mai ita. Ana sa mita mai ƙirga ta fuska biyu: wutar da gida ya sha, da wadda ya tura wa layi.

A Nijeriya hukumar NERC ce ke tsara harkar wuta a matakin ƙasa, kamfanoni irin su KEDCO, mai kula da Kano, Katsina da Jigawa, su ke da layukan unguwa. Kada kowa ya tura wuta kan layinsu ba da izininsu a rubuce ba. Mitar kati ta gida ba don haka aka yi ta ba.

Nan ne ya kamata a natsu sosai, domin magana ce ta rai. Idan an ɗauke wuta, ma'aikaci yakan hau fal-waya yana ganin layi ba komai. Wutar da ta fito daga gidanka, ta sola ce ko ta janareto, tana iya bi ta taransifoma ta haura daga bolt 230 zuwa 11,000 ta same shi a sama. Shi ya sa inbatar da ake haɗawa da layi dole ta zama mai katse kanta da zarar wutar kamfani ta ɗauke. Wanda bai da irinta, ya sa ƙwararren mai haɗa wuta ya ɗaura masa makunnin da ke raba layin gida da na kamfani.

Aikin gida: Wani gida yana samun yunit 10 a rana, yana shan 7. Yunit nawa zai yi rara a kwana 30?