Inshorar kare kuɗin shiga ga masu keken tsauni a Birtaniya: inda aka fi tafka kuskure

Duk wanda ya saba gangarowa da keke daga tsaunukan Fort William a Sikotilan, ko BikePark Wales kusa da Merthyr Tydfil, ya san faɗuwa ba baƙuwa ba ce. Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa shi aka fi karyawa, sai tsintsiyar hannu. Asibitin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, zai yi ɗori kyauta, amma kuɗin haya na wuyanka. Kuɗin jinyar da doka ta ɗora wa mai ba da aiki fam 118.75 ne a mako a shekarar 2025, kuma iyakarsa mako 28. Kafinta ko mai gyaran famfo da ke cin gashin kansa, ko wannan ma ba ya samu. Shi ya sa ake sayen inshorar da ke biyan mutum wata-wata, galibi kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na abin da yake samu, har ya koma aiki.

Babban kuskure ranar cike fom ake yin sa. An tambaye ka ko kana wasa mai haɗari, ka ce a ranka "ai keke ne kawai", ka amsa a'a. Ranar da ka nemi a biya ka, kamfani zai karanta rahoton asibiti, ya ga inda ka faɗi da abin da kake yi. Dokar inshorar masu saye ta 2012 ta raba laifin gida biyu. In sakaci ne, za a yi maka abin da da an yi tun farko: da fam 40 ya kamata ka riƙa biya amma 30 kake biya, kashi uku cikin huɗu za ka karɓa, in kuwa da sun cire keken daga yarjejeniyar ne, ka tashi a tutar babu. In da gangan ka ɓoye, suna iya soke komai su riƙe kuɗin da ka zuba. Gyaran ba wuya: faɗi irin hawan da kake yi, yawon daji ne ko gangare, sau nawa a wata, kana shiga tsere ko a'a. Haka mai hawan doki, mai nitso a teku da mai hawan dutse da igiya.

Wasu kuma sun faɗi gaskiya, sai takarda ta dawo da sharaɗin cewa ba za a biya raunin keke ba, suka sa hannu haka nan. To me aka saya ke nan? Kamfanoni ba bakinsu ɗaya ba. Wani zai karɓi mai hawan nishaɗi a farashin kowa, wani ya ƙara kuɗi, wani ya cire wasan. Tsere ne ke yawan sauya lissafi. A nan dillali mai zaman kansa ke da rana, domin yana iya tambayar kamfanoni da yawa kafin a shigar da sunanka.

Akwai layi ɗaya da ake tsallakewa, alhali a ganina ya fi farashi muhimmanci: me kamfanin ke nufi da "kasa aiki"? Wata inshorar tana biya in ka kasa yin sana'arka ta ainihi. Wata sai ka kasa duk aikin da ya dace da iliminka. Mai gyaran wutar lantarki da kafaɗarsa ta goce ba zai iya ɗaga hannu sama da kansa ba, amma zai iya zama a tebur yana amsa waya, kuma da wannan hujjar inshora ta biyun za ta hana shi kuɗi. Nemi ta sana'arka, ko da ta ɗan fi tsada.

Sai lokacin jira kafin a fara biya, wanda kan zama mako 4, 8, 13, 26 ko 52. Dogon jira ya fi araha, shi ya sa ake rububinsa. Amma karayar ƙashin kafaɗa kan warke cikin wata biyu zuwa uku, don haka mai jiran mako 26 zai warke bai ga ko sisi ba. A auna shi da abin da wurin aiki ke bayarwa. Ma'aikaciyar jinya a NHS da ta shekara biyar tana samun cikakken albashi na wata shida, sannan rabi na wata shida, dogon jira ya dace da ita. Mai aikin kansa gajere ya kamace shi, kuma ya tuna ribarsa ake dubawa, ba jimlar cinikinsa ba.

Kada a ruɗe da katin ƙungiyar masu keke. Inshorar da ke tafe da shi galibi ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ba ta albashinka ba.

In kamfani ya ƙi biya, ka rubuta masa ƙorafi. Yana da mako 8 ya ba da amsa. Daga ranar amsarsa ta ƙarshe kana da wata 6 ka kai ƙara hukumar Financial Ombudsman Service, mai sasanta rikici tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma ba a biyan ko kwabo. Ajiye kwafin fom ɗin da ka cike, domin amsoshinka na cikin abin da za a fara dubawa.